Wuya da Kafaɗa Bayan Tiyatar Maƙoƙo: Nazari Kan Motsi da Ɗaukar Nauyi

Tiyatar maƙoƙo na cikin ayyukan da likitocin fiɗa suka fi gwanancewa a kansu a yau, amma ba haka ta faro ba. A tsakiyar ƙarni na 19, kusan mutum huɗu cikin goma da aka yi wa aikin ba sa tashi. Wanda zubar jini bai kashe ba, ruɓewar rauni ta ƙarasa shi. Theodor Kocher, likitan birnin Bern a ƙasar Suwizalan, shi ya ja mace-macen nan ƙasa har suka gaza ɗaya cikin ɗari, aka ba shi lambar Nobel a 1909, kuma yankan gicciye da yake yi a gindin wuya har gobe da sunansa ake kiransa. Da aka samu kan rai, sai hankalin likitoci ya koma ga abu biyu: kada a taɓa jijiyar da ke motsa murya, kada kuma a lalata 'yan ƙwayoyin nan huɗu masu daidaita kalsiyam a jini da ke bayan tayirod, wato halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Duka biyun sun cancanci kulawar da aka ba su. Sai dai akwai kukan da ya fi waɗannan yawa a bakin majinyata, wanda littattafan fiɗa suka daɗe suna wucewa ta kansa da layi ɗaya: wuya ya riƙe, ƙeya na sara, kafaɗu sun yi nauyi, in an haɗiyi yawu sai a ji fatar wuya na jan sama.

Abin da nake son kafawa a wannan nazari shi ne, wuyan da aka yi wa aiki yana bukatar motsi da wuri, kuma yana bukatar a jinkirta ɗora masa nauyi. Mutane da yawa juya lissafin suke yi. Za ka ga mace ta ƙame wuyanta makonni don tsoron kada ɗinki ya ɓalle, amma kwana goma da komawa gida ta koma jan guga.

Daga ina ciwon yake tasowa

Tayirod 'yar halitta ce mai nauyin giram 15 zuwa 25 a jikin lafiyayye, tana zaune ƙarƙashin zakaran wuya, rungume da maƙogwaro. Don likita ya kai gare ta, sai an kwantar da majinyaci rigingine, an cusa matashi a ƙarƙashin kafaɗunsa, an bar kansa ya lanƙwashe baya. A haka zai zauna sa'a ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye, cikin maganin barcin da ya saki dukkan tsokokin da suka saba kare gaɓoɓin wuya. Mutum a farke ba zai jure wannan kwanciya minti goma ba tare da ya gyara ba. Shi ya sa da yawa ke farfaɗowa su ce bayan wuya ya fi wurin yankan ciwo, har ciwon ya haura ƙeya ya zama ciwon kai. Wani gwaji da aka yi a Hong Kong, aka buga a 2015, ya kwatanta waɗanda aka lanƙwasa wuyansu baya lokacin aiki da waɗanda ba a lanƙwasa ba, aka ga na biyun sun fi samun sauƙin ciwo bayan tiyata. Ke nan wani kaso na ciwon tun a kan teburin fiɗa aka ɗauko shi, kuma ba ruwansa da wuƙa.

Tushe na biyu yana gaban wuya. Bayan yanka fata, likita na ratsa wata siririyar tsoka da ke shimfiɗe ƙarƙashinta, ya ɗaga fata da tsokar tare, sama da ƙasa, sannan ya raba dogayen tsokokin da suka lulluɓe tayirod ta tsakiya. In maƙoƙon babba ne, yakan yanke su a gicciye ya ɗinke daga baya. Waɗannan shimfiɗu a da zamewa suke yi a kan juna, shi ya sa maƙogwaro ke hawa da sauka in an haɗiyi abu ba tare da fata ta bi shi ba. Lokacin warkewa jiki na zuba nama mai danƙo tsakaninsu, kuma in ba motsi sai su manne, kamar shafukan littafin da ya jiƙe aka bar shi ya bushe a rufe. Daga nan jin shaƙewa ke fitowa, da jan fata a wurin haɗiya, da gajiyar murya ko da jijiyar muryar lafiyarta lau.

Na uku kuwa majinyaci ne ke ƙara wa kansa, ba da saninsa ba. Kan babban mutum na da nauyin kilo 4 zuwa 5, yana zaune kan ƙasusuwan wuya bakwai. Mai tsoron rauninsa yakan turo haɓa gaba, ya ɗage kafaɗu sama, in an kira shi ya juyo da ƙirji gaba ɗaya. Tsokokin ƙeya da na saman kafaɗa sai su wuni a ɗaure suna riƙe da kan da ya karkace daga mazauninsa. Kwana uku a haka sun isa su haifar da ciwon da zai sa mutum ya ƙara ƙamewa, ƙamewar ta ƙara ciwon. A ganina wannan tushe na uku shi ne motsa wuya ya fi magancewa, kuma shi ne 'yan jinya suka fi rura wa wuta da "kada ki juya" da "bari a tallafe miki kai".

Abin da gwaje-gwaje suka nuna, da iyakarsa

Binciken da ya fi tasiri a wannan fage an yi shi ne a Asibitin Kuma da ke Kobe a Japan, asibitin da ya keɓanta da cututtukan tayirod. Takamura da Miyauchi da abokan aikinsu suka buga shi a 2005. Sun raba majinyata sama da 400 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka koya musu miƙa wuya da kafaɗa sau uku a rana, tun daga safiyar washegarin tiyata. Ɗaya kashin aka bar su kan yadda aka saba. Masu motsin suka fi saurin rabuwa da damuwar wuya, suka kuma sha maganin ciwo ƙasa da na sauran. Lokacin da aka fara shi ne abin lura a nan, domin ya ci karo da tsohuwar koyarwar a jira sai an cire zare.

A 2016 Ayhan da abokan aikinta a Ankara ta Turkiyya suka maimaita gwajin kan mutum 80 da aka cire wa tayirod ɗungurungum. A ƙarshen makon farko masu motsi sun fi sauƙin ciwo da sakewar wuya, raunin kuma bai nuna wata illa ba. Da wata ya cika, sai bambancin ya dushe.

Wannan sakamako na biyu ya kamata ya rage mana zaƙewa. Gaskiyar da ke ciki ita ce, mafi yawan waɗanda aka cire wa tayirod kaɗai za su warware ko sun yi atisaye ko ba su yi ba. Motsin yana gajarta wahala ne, yana rage shan magani. Akwai kuma rauni a tsarin irin waɗannan gwaje-gwaje wanda ba shi da makawa. Ba a iya ɓoye wa mutum cewa yana motsa wuyansa, kuma ma'aunin duka abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa ne. Wanda nas ta tsaya ta koya masa abu, ta dawo ta tambaye shi, yana iya jin sauƙi saboda kulawar kanta. Duk da haka ba na ganin wannan ya rushe hujjar. Abin da ba ya cin ko sisi, ba a ga ya buɗe rauni ba, kuma ya mayar wa mutum ikon waigawa kwanaki da wuri, bai bukaci hujja mai nauyin wadda ake nema ga sabon magani ba.

Mai karatu na iya tambaya: ta yaya raunin kwana ɗaya zai jure motsi, alhali masana sun ce a mako na uku ƙarfin tabo bai wuce kashi 20 cikin ɗari na fatar asali ba, kuma ko bayan wata uku a wajen kashi 80 yake tsayawa? Amsar tana cikin yadda yankan yake kwance. A gicciye yake, yana bin ninkin fatar wuya. Sunkuyar da kai sassauta shi yake yi. Waige dama da hagu kusan rabinsa a gaɓar ƙasusuwan wuya biyu na can sama yake faruwa, nesa da wurin ɗinki. Motsi ɗaya ne ke jan leɓɓan raunin su rabu, wato ɗaga kai a kalli sama, kuma jerin motsin da aka yi amfani da shi a gwaje-gwajen nan bai ƙunshi wannan ba.

Yadda ake yin sa

Mutum zai zauna a bakin gado ko kan kujera, ƙafafu a ƙasa, ya saki kafaɗu su faɗi. Wannan sakin shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Sai ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji a hankali, ya dawo. Ya juya fuska dama har inda ya fara jin ja, ya tsaya daƙiƙa kaɗan yana numfashi, ya dawo tsakiya, ya yi hagu. Sannan ya karkata kunne zuwa kafaɗa. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne kafaɗar ce ke tasowa ta taryi kunnen, don haka yana da kyau a yi a gaban madubi, ko a riƙe gefen kujera da hannu. Daga nan a juya kafaɗu, sama, baya, ƙasa, a ƙare da ɗaga hannaye biyu sama a sauke su sannu. Kowanne kamar sau biyar, safe da rana da dare. Duka ba ya cin minti goma.

Iyakar ita ce jin ja, ban da zafi mai tsini. Ba a fizga, ba a sa hannu a danna kai, ba a kuma jujjuya kai zagaye. Kallon sama sai likita ya duba raunin ya ba da izini, galibi bayan mako ɗaya zuwa biyu, a fara shi kaɗan-kaɗan da baki a rufe. Wajen tashi daga kwanciya a kwanakin farko, a mirgina gefe tukuna, a tallafi ƙeya da tafin hannu, a tura jiki da gwiwar hannu. In akwai robar da ke fitar da jini daga raunin, likitan da ya sa ta shi zai faɗi ranar farawa.

Murza tabo aiki ne na daga baya, sai fata ta haɗe sarai, wajen mako na uku ko na huɗu. Ana ɗora yatsu biyu a kan tabon, a motsa fatar kanta a kan abin da ke ƙarƙashinta, sama da ƙasa da gefe. Wani ƙaramin bincike daga Koriya ta Kudu a 2018 ya nuna murzar na sassauta mannewar, ta rage jan fata a wurin haɗiya. Masu baƙar fata na da ƙarin dalilin sa ido, domin tabo mai tasowa ya yi kauri ya zarce iyakar yankan ya fi yawa a cikinmu. Duk wadda hujin kunne ko wani tsohon rauni ya taɓa yi mata irin wannan tsiro, ta gaya wa likita tun kafin aiki, kada kuma ta yi gaggawar miƙa wuya baya da ƙarfi, don jan tabo na cikin abubuwan da ke sa shi kauri.

Majinyaci na biyu

Duk abin da ya gabata ya shafi wanda aka cire wa tayirod kaɗai. Akwai wani majinyacin daban wanda sau da yawa ake miƙa wa takardar atisaye iri ɗaya, alhali matsalarsa ta sha bamban. Shi ne mai ciwon dajin tayirod da ya bazu zuwa kaluluwar gefen wuya, aka tsawaita yanka aka kwashe su. A wannan yanki wata jijiya ke ratsawa, ta goma sha ɗaya cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga kwanyar kai, ita ke ba da umarni ga faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗa ta gangara tsakiyar baya. Aikin da George Crile na Cleveland a Amurka ya bayyana a 1906, a yadda aka saba yin sa daga baya, yana cire jijiyar gaba ɗaya tare da kaluluwar. Sai a shekarun 1960 Osvaldo Suárez na Ajantina, da Ettore Bocca na Italiya bayansa, suka nuna ana iya kwashe kaluluwar a bar ta. Yau barin ta ake yi sai in ciwon ya cinye ta, amma ko an bar ta, ja da ɗagawar da ta sha lokacin aiki na iya sa ta yi sanyi na watanni.

Alamar a bayyane take ga mai lura. In ka tsaya bayan mutumin, kafaɗar ɓangaren da aka yi aiki ta zube ƙasa da 'yar'uwarta, allon kafaɗar ya zame waje. Ka ce ya ɗaga hannu ta gaba, zai iya kusan kaiwa. Ka ce ya ɗaga ta gefe, sai ya maƙale a daidai kafaɗa ko ƙasa da haka. Mace za ta fara lura ne ranar da ta zo ɗaura ɗankwali ko shanya. Ciwon mai nauyi ne, yana ƙaruwa da yamma bayan hannu ya wuni yana lilo. Haɗarin shi ne gaɓar kafaɗar ta ƙage saboda rashin amfani, ta yadda ko jijiyar ta farfaɗo sai ta tarar da gaɓar da ba ta motsi. Jijiya kuwa ba ta da sauri. Wadda ta lalace tana tohowa da misalin milimita ɗaya a rana, don haka lissafin na watanni ne, wani lokaci shekara.

Manufar atisaye a nan ita ce a riƙe gaɓar a sake har jijiyar ta dawo, a kuma ƙarfafa tsokokin da ke kewaye da allon kafaɗa su ɗauki wani kaso na aikin. Ana farawa a kwance rigingine, inda gado ke tallafe allon: a riƙe sanda da hannu biyu, lafiyayyen hannu ya ja ɗayan zuwa saman kai. Sai hawan bango da yatsu, da matse allunan kafaɗa biyu zuwa tsakiyar baya. A zaune a ɗora hannun kan matashi, a daina rataya jaka a wannan ɓangare. Margaret McNeely da abokan aikinta a Edmonton ta Kanada sun buga gwaji a 2008 kan mutum 52, inda mako 12 na atisayen da ake ƙara wa nauyi sannu a hankali ya fi atisayen da aka saba rage ciwon kafaɗa da nakasarta. Majinyatansu masu ciwon dajin kai da wuya ne iri-iri, amma jijiyar da tsokar duk ɗaya ne. Wannan majinyaci bai kamata a bar shi da takarda ba. Sashen gashin ƙashi ya kamata a tura shi, kuma tun kafin kafaɗar ta ƙage.

A gidajenmu

Gwaje-gwajen Kobe da Ankara ba a yi su kan matar da ke ɗaukar ruwa a ka ba, kuma mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba cikin masu cutar tayirod. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, abin da ya rage sabon maƙoƙo ƙwarai, amma har yanzu akwai masu zuwa asibiti da wanda ya shekara goma ko ashirin yana girma. Babban maƙoƙo na nufin doguwar tiyata, faffaɗan wurin da aka ɗaga fata, da yiwuwar an yanke tsokoki. Irin wannan wuya ya fi bukatar motsi, ya kuma fi rashin jure nauyi.

Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, ninkin nauyin kai huɗu, kuma gammo ba ya rage ko giram. Daka, jan guga, ciccibar yaro a goya, duk suna tafe da yunƙurin da ke kumbura jijiyoyin jinin wuya. Likitoci galibi na hana ɗaukar nauyi na kimanin mako biyu bayan aikin tayirod kaɗai, fiye da haka in an yanke tsoka ko an kwashe kaluluwa, kuma kaya a ka ya kamata ya zama na ƙarshen dawowa. Maganar nan da maigida da uwar miji ya kamata a yi ta, a gaban majinyaciyar, domin ba ita ke yanke ranar komawa aikin gida ba. A kuma jinkirta doguwar tafiya a kan babur a hanya mai ramuka. Direba kuma kada ya koma tuƙi sai yana iya waigawa ba tare da ya juya jiki ba.

Ga Musulmi, salla a zaune halas ce ga mara lafiya, kuma a kwanakin farko ta fi saukar da kai ƙasa a sujada dacewa. Waigen sallama kuma ma'auni ne da ke zuwa sau biyar a rana: wanda har bayan mako biyu kafaɗarsa ke bin fuskarsa in ya waiga, wuyansa bai saki ba.

Sai batun ruwan zafi, wanda hannunmu ke saurin kaiwa gare shi. Fatar da ke saman yankan takan daina ji na makonni ko watanni, saboda ƙananan jijiyoyin ji da aka ratsa. Tsumma mai zafi na iya ƙona ta mai ita bai ji ba. Ɗumi a ƙeya da saman kafaɗa ba laifi in lafiyayyar fata ce. Gaban wuya a ƙyale shi. Mai ɗori ko mai tausa kuma kada a bari ya murɗa wuyan da aka yi wa aiki.

Ba kowane ciwo ne na motsa jiki ba, kuma rikita su na iya cin rai. Kumburin wuya da ke ƙaruwa cikin sauri tare da wahalar numfashi alamar jini ne ke taruwa a ciki. Yakan faru ga kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, galibi a sa'o'i 24 na farko, kuma minti ake ƙirgawa. Minjirya a leɓɓa da yatsu, ko yatsu su dunƙule da kansu, a kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki, faɗuwar kalsiyam ce, miƙa ba ta maganinta. Zazzaɓi da ja da mugunya na nufin raunin ya kamu. In kuwa bayan wata ɗaya ko biyu dukkan jiki ya yi tsami, ga kasala da jin sanyi, a auna jini a ga ko ƙwayar levothyroxine da ake sha a madadin sinadarin tayirod ta isa, domin ƙarancin sinadarin tayirod shi kansa yana ɗaure tsoka. Ana yin wannan awo ne kamar mako shida bayan fara maganin ko sauya adadinsa.

Kira na ga asibitocinmu shi ne a mayar da koyar da wannan motsi cikin shirin tiyata, ranar da ake auna jini ana sa hannu a takarda, lokacin da majinyaci ke iya juya wuyansa ya gwada ba tsoro, kuma a yi shi a gaban wanda zai yi jinya. Kai kuma da za a yi wa aikin, ko za a yi wa naka, kada ku bar asibiti sai likita ya amsa muku tambaya uku: an yanke tsokokin gaban wuya, an taɓa kaluluwar gefe, kuma wace rana za a koma ɗaukar kaya.